Ginshiƙai Biyu a Tsakar Gidanmu

Ku 'ya'yana, kun taso kun tarar da ginshiƙan siminti biyu a tsakar gidanmu na ƙauye, ɗaya ɗauke da Igwa, ɗaya kuma tsirara, sai dai a shanya masa tsumma ko akuya ta sosa jikinta da shi. Kowannenku ya ji labarinsu, kuma kowa da irin wanda ya ji. Ladi ta ji na uwarta, wanda a cikinsa ni mahaukaci ne. Yakubu ya ji na 'yan kasuwar Bakori, wanda a cikinsa Malam Iro Magini ne mai taurin kai. Auta ma wani ya gaya masa wai kabarin Bature ne. To yau na haura hamsin, haƙorana biyu sun riga sun yi murabus, gara in rubuta yadda abin ya kasance tun ina da sauran hankalin da uwarku take cewa ban taɓa yi ba. Kun san ni da ƙara gishiri, ba na musu. Amma a wannan babin gishirin a miya kawai zan zuba shi, tuwon kuwa gaskiya ce zalla.

Sai in fara da kakanku, Baba Tanko, domin ba don shi ba da babu Igwa, babu ginshiƙi ko ɗaya. Kafin mishan su zo ya karɓi bishara, fatauci yake yi da jakai, yana kai dawa Katsina har gaba da ita, kuma a wannan tafiye-tafiyen ya haddace sama kamar yadda ya haddace gonarsa. A ƙauyenmu, tsakanin Bakori da Malumfashi, babu mai zuba iri sai Baba ya ce taurarin Kaza da 'ya'yanta sun kusa ɓacewa a yamma. Kirista da Musulmi duk wurinsa suke zuwa tambaya. Mutum ne gajere, mai faɗa, fuskarsa cike da zanzana saboda agana ta kama shi yana yaro, kuma ko da ya tsufa bai daina jin nauyin abin ba. Ba ya yarda a ɗauke shi hoto, shi ya sa ba ku da hotonsa. A shekarar da aka haifi Ladi, wajen farkon shekarun tamanin, idonsa na hagu ya mutu, na dama kuma ya rage masa 'yar taga kamar ƙofar allura. Na kai shi asibitin ido a Kano. Likita ya ce ba yana ba ce da za a kankare, jijiyar ce take mutuwa, kuma da wuya sauran ganin ya kai damina mai zuwa. A mota muna dawowa, da muka wuce Gwarzo sai ya ce:

“Fuskokinku ban damu ba, na gan su har na gaji. Wata ne dai ya zame mini kamar an ɗiga koko a tabarma.”

A lokacin ni bakanike ne a injin gurzar auduga a Funtua, ina kwana can in dawo gida ƙarshen mako a kan babur ɗina. Babur kuwa ba irin na kowa ba, ja ne, in na taso daga Funtua sai kajin Bakori sun fara neman mafaka. Akwai wani malamin kimiyya Ba'indiye a wata makarantar sakandare da nake gyara wa mota. Ran nan na kai masa motar da yamma, sai na ga wani abu a barandarsa an rufe da tamfol, tsawonsa kamar an haɗa duro biyu da rabi. Na ce masa in yaƙi yake shiri ya gaya mini in kwashe iyalina. Ya yi dariya ya yaye tamfol. Madubin hangen taurari ne, wani Bature da ya riga shi zama a gidan ya sayar masa, shi ma Baturen a hannun wani ya saya. Bututu ne ƙato, can ƙasansa akwai madubi mai faɗin tiren shayi da kaurin dutsen niƙa, fuskarsa ta ɗan lotsa kamar kasko. Kusa da bakin bututun akwai wani ɗan madubi a karkace, sai kuma wurin leƙawa a gefe. Wato ba ta gindi ake leƙa shi ba, ta haƙarƙari. Da rana ta faɗi ya saita shi ga wata ya ce in sa ido. Ku ji nan, hasken da ya shiga idona sai da na ji shi a ƙeya. Na ɗago ina hawaye, na yi minti biyar ina ganin Ba'indiye biyu. Ya ce mini madubin tara haske yake yi, yadda babban baho ya fi ƙoƙo tara ruwan sama, sannan ya zuba shi duka a ƙwayar ido ɗaya. Nan take na tuna ƙofar allurar da ta rage wa Baba. Na ce a raina hasken da ya isa ya sa mai lafiya kuka, ai zai samu hanyar shiga can.

Malamin kwangilarsa ta ƙare, gida zai koma, kuma jirgi ba ya ɗaukar duro biyu da rabi. Na sayar da babur na saya. Ban yi shawara da kowa ba, don na san abin da kowa zai ce. Wani direban motar auduga abokina ya kwantar da bututun a tsakanin buhuna kamar mara lafiya, ni kuma na zauna a gaba rungume da madubin, an naɗe shi da bargo uku. Kowane rami muka faɗa sai in yi addu'a, har direban ya ce bai taɓa sanin Kirista na yawan ibada haka ba. Da muka sauke a ƙofar gida duk ƙauyen ya fito. Wata tsohuwa ta dubi bututun ta ce igwa ce, ita ta ga irinta a barikin soja, kuma sunan ya bi shi har yau. Uwarku Rifkatu ta fito da Ladi a goye, ta zagaya Igwa sau ɗaya, ta leƙa bayan mota, ta dube ni.

“Baban Ladi, ina babur?”

“Ga shi nan a gabanki, ya canza kama.”

“To in naƙudar gaba ta zo, sai ka ɗora ni a kan wannan ka harba ni Malumfashi.”

Ranar Lahadi bayan an taso sujada Ba'indiyen ya zo da kansa don ya nuna mana yadda za a kafa ta, kwana uku kafin tafiyarsa. Na kira Malam Iro, maginin da ya gina rabin masallatan yankinmu da majami'armu ma, mutumin da in ya ja layi ko tururuwa ba ta iya samun karkata a ciki. Malamin ya yi mana bayani da Hausarsa mai ɗingishi. Ya ce sama juyawa take yi kamar dutsen niƙa, kuma tana da sandar da take juyawa a kai, wadda take nuna arewa. Kan ƙarfen da Igwa take zama a kai shi ma yana da tasa sandar. In aka sa sandar Igwa ta nuna inda ta sama take nunawa, to ɗan hannu guda kawai za ka riƙa murɗawa a hankali, wata ya tsaya cak a wurin leƙawa har ka gaji. In ba haka ba, cikin minti biyu zai sulale ya fita. Don haka a gina ginshiƙi mai kauri, samansa ya ɗan yi gangare, a binne ƙusoshi uku masu noti a cikin simintin, ɗaya a gaba biyu a baya, ta gaban tana duban arewa daidai. Ya fito da kamfas daga aljihu, ya kafa turaku biyu, ya ja igiya a tsakaninsu. Malam Iro yana ta gyaɗa kai yana cewa madalla. Ni da na san shi, ya kamata in gane cewa in ya yawaita madalla, to bai yarda da ko kalma ɗaya ba.

Na hau keken aro na koma Funtua, kuma a makon nan babu wanda ban gaya wa ba. Na gaya wa 'yan injin, na gaya wa mai shayi, na aika wa Fasto, na aika wa mai unguwa da liman. Na ce ranar Asabar wata zai cika, kowa ya zo ya ga Baba Tanko ya ga wata. Har na ce wa wasu za a iya hango ko akwai mai noma a can. Ranar Juma'a da la'asar na iso gida, cinyoyina suna zagin wanda ya sayar da babur, na tarar da ginshiƙi ya tsaya sumul, kyakkyawa, kamar a yi masa lalle. Na duba ƙusoshi. Ta gaban tana duban gabas. Igiyar Ba'indiye kuwa uwarku ta riga ta shanya wanki a kanta, turakun an ɗaure tunkiya. Na tafi gidan Malam Iro a guje, na tarar da shi yana wanke cokalin gini.

“Malam Iro, me ka yi mini?”

“Alheri na yi maka, Injiniya. Na gyara muku kuskure, ban ma ƙara maka ko sisi ba.”

“Arewa aka ce! Ga igiya an ja maka!”

“Na ga igiyar. Bitrus, shekarata arba'in ina gini. Duk abin da aka ce a daidaita shi kada ya kauce ko da gashi ɗaya, alƙibla ake nufa da shi. Masallaci alƙibla, kabari alƙibla, dabba ma in za a yanka alƙibla. Abin da za a dubi ikon Allah da shi ne zan juya wa arewa? Me ke arewa in ba Katsina ba?”

“Ai mutumin da kamfas ya auna.”

“Baƙo ne, bai san garin ba. Kai kuma Kirista ne, ban ga laifinka ba. Kuma tsaya in tambaye ka, wata ta ina yake fitowa?”

“Ta gabas.”

“To. Sannan alƙiblar nan ba gabas ce tsantsa ba, ta ɗan jingina arewa. Ka ga ashe arewar taka ma tana ciki, na sa maka daidai gwargwado.”

A nan ne nake so ku buɗe kunne, domin a nan labarin 'yan kasuwa ya rabu da gaskiya. Malam Iro ya yi abin da ya sani ne, da zuciya ɗaya. Ni ne na ji bayanin Ba'indiye na kuma gane shi, ni bakanike ne, na san abin da ke faruwa in aka ɗaura injin a karkace. Abin da ya kamata in yi shi ne in aika a ce wa mutane an ɗaga. Amma na tuna mai shayi, na tuna 'yan injin da suka ce za su cika mota su zo, na tuna dariyar da za a yi wa wanda ya sayar da jan babur. Sai na ce wa kaina ai wata ƙato ne, ina zai gudu ya je? Ranar Asabar da safe muka haɗu mu shida muka ɗora kan ƙarfen a kan ƙusoshin nan, muka ɗaure Igwa, na ƙara wa notina ƙarfi kamar hakan zai juya duniya.

Kafin magariba tsakar gidanmu ta cika har kan katanga. Masu ƙosai sun kafa kasko a waje. Musulmi suka yi sallarsu a ƙofar gida, Fasto ya yi mana gajeriyar addu'a wadda ba gajeriya ba ce. Ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba, sama a wanke take tas. Sai ga wata ya ɓullo jajir, daidai saitin da ginshiƙin yake duba. Malam Iro ya daki kafaɗata ya ce wa jama'a su shaida. Na saita Igwa, na leƙa, ga shi nan ya cika gilashi. Aka kamo hannun Baba, sanye da farar rigarsa ta zuwa sujada, aka taimaka masa ya hau turmin da aka kifa. Kafin ya daidaita ƙafa, ya lalubo wurin leƙawa, ya kawo idon dama, ya nemo inda 'yar tagarsa take, wata ya riga ya yi gaba. Na murɗa hannun nan. Igwa ta shiga mirgina a wuri ɗaya kamar kare mai bin wutsiyarsa, wata kuwa yana ta hawa abinsa. Na ce Baba ya ɗan ɗaga, na tura bututun da kafaɗa, ya zarce. Na dawo da shi, na kamo watan, na ce Baba ya sa ido. Ya sa, ya lalubo, ya tarar da duhu. Sau biyar muna haka. Tun ana shiru har aka fara ƙus-ƙus, wani daga kan katanga ya ce a ba Igwa fetur, aka fashe da dariya. Ni ake yi wa, amma Baba ne a tsaye a kan turmi.

“Sauke ni,” in ji shi.

“Baba, sau ɗaya kawai, yanzu zan...”

“Na ce ka sauke ni. Babu komai a ciki sai baƙi. Idon ya mutu, na sani, ba sai ka tara mini gari sun shaida ba.”

Ya shige ɗakinsa ya sa aka saki asabari. Sauran mutane suka yi layi suka leƙa, masu ido lafiya da sauri ai sukan cafke shi, aka yi ta salati da kiran sunan Yesu, aka ce Bitrus ya yi abin tarihi. Ni kuwa ban taɓa jin yabo mai ɗaci kamar na ranar ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba ya ɗauka idonsa ne ya gaza, alhali ni na gaza. Washegari na durƙusa a ƙofar ɗakinsa na yi masa bayani, ya ce in tashi in ba shi wuri, ya gama hawa turmi a duniya. Ya daina fitowa tsakar gida da yamma. Tuwo ma sai ya taɓa ya ture.

Uwarku ba ta yi mini faɗa a ranar ba, ta bari sai da na dawo mako na gaba na ci na ƙoshi, don ta san a nan faɗa ya fi shiga. Ta ce ita ba ta san arewa ba, ba ta san sandar sama ba, amma ta san tun ranar Juma'a fuskata ta nuna na san abin bai yi ba. Ban musa ba. Sai ta tashi ta buɗe ɗakin ajiya ta nuna mini buhunan simintin da ta daɗe tana tarawa da sana'ar man gyaɗa, don a dafe mata ƙasan ɗaki.

“Ɗauki. Amma in ka sake kiran ko mutum ɗaya, ko Fasto ne, da kai da Igwar zan haɗa in sayar wa 'yan gwangwan.”

Malam Iro ya zo da kansa, ba a aika masa ba. A ranar taron ya karɓi hannun nan ya gwada, ya yi gumi, kuma shi mutum ne da ba ya jayayya da abin da hannunsa ya taɓa. Ya ce zai sake gini, amma ba zai fasa na farko ba, bai taɓa rushe abin da ya gina ba, kuma ya zuba masa siminti yadda sai jikokinmu sun gaji sun bar shi. Muka yarda a gina wani a gefensa. Sai matsala ta taso: ina arewa? Ba'indiye ya tafi da kamfas ɗinsa, tunkiya ta tuge turaku. Kowa ya san arewa a dunƙule, amma daidai ake so. Muka tsaya a tsakar gida da la'asar muna musu. Ni na ce saitin turken awaki ne, Malam Iro ya ce saitin bishiyar ɗorawa, uwarku ta ce ita dai ta ga igiyar ta bi ta kan murhu. Na ce malamin ya ambaci wata tauraruwa da ba ta motsi, amma ban riƙe wacce ba ce. Malam Iro ya ce babu tauraruwar da ba ta tafiya, shi yana ganinsu kullum da asuba. Muna cikin haka sai murya ta fito daga bayan asabari.

“Kai, jakaina ma sun fi ku sani!”

Baba ne. Ya ci gaba:

“Iro, ka yi furfura ba ka san Turke ba? Kai kuma ka sayar da babur ka sayi sama, ba ka san ƙofarta ba. Ku je ƙofar tsohon rumbuna ku jingina baya. Kun ga giginyar gonar Audu? In almuru ta yi, ku duba bisa kanta kamar taƙi ɗaya, ku ɗan koma dama. Akwai wata ita kaɗai, ba ta da haske sosai, ba mai kula ta. Ita ce Turke. Duk sauran awaki ne, zagaya ta suke yi. Ita na bi na kai jakai arba'in Katsina ban tambayi kowa hanya ba.”

Jakan dai goma sha biyu ne, ku san inda na gaji ƙara gishiri. Da almuru muka jingina da rumbu ni da Malam Iro, muka same ta inda ya ce. Malam Iro ya kafa kara biyu ya saita ta, ya tafi ya yi sallar lisha, ya ci tuwo, ya dawo ya duba. Duk taurarin sun matsa, ita tana nan a bakin kara. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce Allahn da ya yi wa mutane alƙibla ashe ya yi wa taurari tasu, shi ne bai tambaya ba. Daga inda za a yi sabon ginshiƙin muka ja igiya zuwa saitinta. Washegari ya fara aiki, kuma bai tsaya a ginshiƙi ba, ya gina dakali mai hawa uku a gefe, mai faɗi, da wurin dafawa. Ya ce dattijo kamar Baba Tanko ba a ɗora shi a kan turmi sai ka ce mai tallar magani.

Sai da muka jira siminti ya bushe, muka kuma jira sabon wata ya kwana goma. Wata guda cur na cinye daga ɗan ganin da ya rage wa Baba, saboda tsoron dariyar mai shayi. Kullum uwarku in ta kai masa abinci sai ta lura ko yana ganin kwanon ko lalube yake yi, ta gaya mini, kuma labarin ba ya daɗi. Ranar da muka mai da Igwa kan sabon ginshiƙi na gwada ta da magariba, na kamo wata, na riƙa murɗa hannun a hankali. Ya tsaya kamar an ɗaure shi. Na je ƙofar ɗakin Baba. Ban roƙe shi ba, na san roƙo ba ya cinsa. Na ce mun bi kwatancensa amma ina shakka, wataƙila ya manta, ai ya daɗe rabonsa da fatauci.

“Ni na manta? Kawo mini sandata. Zuwa zan yi in ga ko kun bi maganata, ba don wani wata ba.”

Mu huɗu ne kawai, ni da shi da uwarku da Malam Iro, sai Ladi a goye tana barci. Ya hau dakali da kansa. Ya lalubo wurin leƙawa, ya kawo ido, ya kauce, ya dawo, ya sake kaucewa. Ban ce masa ya yi sauri ba. Hannuna yana kan ƙarfe ina murɗawa kaɗan-kaɗan, na san ko zai kai gobe yana nema, watan yana nan yana jiransa. Can sai na ga haske ya sauka a kan ƙwayar idonsa, wani ɗan farin ɗigo, kuma kansa ya daina motsi. Uwarku ta kama bakin zaninta. Sai muka ji wani sauti daga ƙirjinsa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce.

“Iro! Iro, zo ka ji munafuki! Shekara saba'in ina ɗaga kai ina cewa Allah ya yi shi sumul ya bar ni haka. Ashe zanzana ce da shi har ta fi tawa!”

“Ka gan shi, Baba?” in ji ni.

“Ina ganin ramukan ɗaya-ɗaya. Wannan ai aganarsa ta fi tawa muni, ba a yi masa magani ba. Kai, murɗa abin nan, kada ka bar shi ya gudu.”

Na yi ta murɗawa har tuwo ya huce a kwano. Daga ranar duk yammacin da nake gida sai ya hau dakalin nan, yana leƙe yana ba mu labarin ramukan, ya raɗa wa manyan sunayen mutanen da suka taɓa ɓata masa rai. Kafin ruwan farko tagar ta rufe gaba ɗaya, kamar yadda likita ya faɗa. Bai sake shiga ɗaki ya saki asabari ba. Ya rayu shekara huɗu bayan haka, kuma duk baƙon da ya zo sai ya tare shi da cewa shi makahon da ya fi masu ido sanin fuskar wata ne. Ni na yi shekara uku ina tuƙa keke tsakanin Funtua da gida, uwarku ta ƙara shekara biyu tana share ƙasa a ɗakinta kafin a dafe shi, kuma har yau in muka yi saɓani sai ta tuna mini. Naƙudar Yakubu a amalanken shanu aka kai ta, wannan ma tana tunawa.

Ginshiƙi na farko kuwa bai tashi a banza ba. Malam Iro har ya rasu, in ya zo gidanmu lokacin salla ya yi, ba ya tambayar kowa, sai ya shimfiɗa buzunsa a gindinsa ya bi ƙusar gaba. Baƙinmu Musulmi duk haka suke yi, har liman ya taɓa cewa alƙiblar gidan Bitrus ta fi ta wasu masallatan daidai. Don haka duk wanda ya gaji gidan nan a cikinku, kada ya kuskura ya kira masu guduma. Na biyun ku riƙa sa wa ƙarfensa mai, ku rufe madubin, kada kowa ya goge shi da tsumma. Na farkon kuma ku bar shi inda yake. In wani ya tambaye ku wa ya yi kuskuren, kada ku ce Malam Iro. Ku ce ubanku ne, ranar Juma'a da la'asar, yana sane.